Ƙidayar Tsiala

Shekara ashirin da shida ina kwana gefen tsawa.
A ƙauyenmu, ƙarƙashin dutsen Kazbek,
maƙwabta kan san Vakhtang ya dawo daga hanya
tun ba su ga tirelarsa a bayan coci ba:
gilashin taga ke kai musu labari.
Ran bikin girbin inabi ƙaninsa Otar ya kwaikwaye shi,
har ni na yi dariya, har da riƙe ciki.
Sabo turken wawa.

Yanzu ba minsharin ke hana ni barci ba.
Shirun ne.

Yakan ja, ya ja, kamar zarto a ɗanyen icce,
sai ɗif,
kamar an ɗauke wuta.
Ƙirji na kokawa, yana sama yana ƙasa,
amma ko gashin kaza ka kai hancinsa ba zai motsa ba.
Sai in fara: ɗaya, biyu, uku.
Agogon da surukata ta bar mana yana taya ni.
Sha tara. Ashirin.
Leɓensa ya koma launin ɓawon inabi.
Talatin da ɗaya,
sai ya fizgo iska kamar wanda aka tsamo daga kogin Terek,
ya juya, ya ɗora daga inda ya tsaya,
bai san ya je ko'ina ba.

An ce barci ƙanin mutuwa ne.
A gidanmu wa da ƙane gado ɗaya suke hawa,
ni ce a tsakani, makamina gwiwar hannu.

Da safe kai na sara masa, baki ƙamas.
Ƙwayar hawan jini kala uku, jinin ko gezau.
Yakan yi gyangyaɗi da gurasa a hannu, cuku na ɗiga,
ya yi wa jikarmu Nutsa tsawa a kan cokali,
ya manta inda ya ajiye makullin da ke aljihunsa.
In na yi magana ya ce, "Gajiya ce, mace.
Babana ma haka ya yi minshari."

Haka ne. Babansa ya kwanta wata Talata, bai tashi ba.
Muka ce ya yi mutuwa mai sauƙi.

A watan da dusar ƙanƙara ta rufe alamun titi
ya shigo gida da madubin mota a hannu,
karyayye.
Bai cire takalmi ba. Ya zauna.
Ya ce, "Ƙiftawa ɗaya na yi, Tsiala.
Ƙarfen bakin kwari ne ya tashe ni."

A Tibilisi suka kwantar da shi cikin wayoyi
kamar kifi a koma.
Likitar, yarinya ce sa'ar 'yarmu, ta juyo mana takarda:
sau arba'in da bakwai cikin awa guda
maƙogwaronsa ke rufe ƙofa.
Ta ce kowane rufewa bulala ce a kan zuciya,
jini na neman iska bai samu ba,
daga nan hanya ke rabuwa:
wata ta nufi shanyewar ɓarin jiki,
wata ciwon sukari,
wata kuma ba a dawowa.
Ya dube ni. Na dubi jakata.

Suka ba shi na'ura mai hura iska, da takunkumi da mesa.
Ya ce ya zama giwa.
Sati biyu yana fizge ta tsakar dare, ina mayarwa.
A na uku ya tashi kafin ƙararrawar coci,
ya gyara ƙyauren da ya shekara huɗu yana kuka,
yana fito.

Maƙwabta suna tambaya ko ya yi tafiya.

Ni dai har yau ban iya wannan shirun ba.
Nakan farka, in ɗora tafi a ƙirjinsa,
in ji yana hawa, yana sauka, ba gargada,
in ƙirga duk da haka.

Jiya Otar ya kwana a falonmu.
Bango ya yi ta rawa, sannan ya yi tsit.
Da asuba na ciro agogon daga ƙusa,
na naɗe shi a tawul,
na kai wa matarsa.